'Ya'yan Kwaɗi a Ruwan Leda

Tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. Jikata Nana ta dawo daga makaranta da 'ya'yan kwaɗi a kwalba, masu wutsiyar nan da ba su yi ƙafa ba. Malamarsu ce ta raba musu, kowa ya kula da nasa har ya ga fitowar ƙafa. Uwarta ta ga ruwan kore shar, ta ce ba a ɗakinta ba. Aka zubar da ruwan, aka wanke kwalba da sabulu, aka fasa musu ruwan leda. Da safe duk sun juya ciki sama, saura ɗaya.

Shi ne na tuna Iya, kakata. A ƙauyenmu, in an idar da magariba, takan zauna bakin murhu tana ɓarar gyaɗa, mu kewaye ta, kwaɗin fadama na ta kuka bayan danga. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Kun ji, masu labarin sun fara da kansu. Ni ƙarasawa zan yi."

Wai wata mace ce mai tsabta ta so muryar kwaɗo. Ta ɗauko shi daga fadama, ta sa shi a sabuwar randa, tana sauya masa ruwa safe da yamma. Kwaɗo ya yi shiru. Ta kawo masa tuwo, shiru. Ta ce, "Me na rage ka da shi?" Ya ce, "Gansakukar da kike kankarewa abincin 'ya'yana ce. Taɓon da kike ƙyama shimfiɗata ce. Ruwa kika ba ni, ba gida ba."

Iya ba ta barin labari a baki. Washegari ta tasa mu har fadama, ta sa muka cusa hannu cikin taɓo. Ta ce da ni, "Ke sarkin tsoro, ɗaga ganyen nan. Wa kika gani?" Ƙwai ne, da katantanwa. "To, mayar musu da rufinsu."

Na ce wa Nana ta ɗauko kwalba da ɗayan da ya rage a ciki, mu nemo ruwan kududdufi.

"Kaka, da wannan gwiwar taki?"

"Gwiwar nan ta girmi ubanki. Wuce mu tafi."

Kududdufin da na sani a bayan Unguwar Mu'azu an cike shi, an dasa shaguna. Na gaba duk leda ce da baƙin mai. Muka yi ta tafiya, Nana na leƙen kwalba. Sai wajen masu lambu muka sami wani rami mai gansakuka. Ta durƙusa, ta ɗebo har da taɓon. Jim kaɗan ɗan kwaɗon ya kaɗa wutsiya.

A da na ɗauka da kwaɗo kawai Iya take. Sai da ɗana ya kawo ni birni, ya ba ni ɗaki mai tayil da fanka, ban rasa komai ba, amma bakina ya mutu, sannan na gane.

A hanyar dawowa Nana ta ce, "Kaka, in ya yi ƙafa, nan za mu maido shi ko?"

Na waiga. An riga an jibge bulo a gefen lambun.