Mai Auna Damtse

Jiya a asibiti wata ma'aikaciya ta zagaya damtsen ɗiyata da zaren awo, sai na ji yatsun kakata a nawa hannun, masu sanyi, masu ƙanshin ɗanyen ganye.

Shekarun fari ne, a ƙauyenmu kusa da Tsamaye. Gero ya ƙare a rumbu, amma yaɗiya tana nan kore shar bisa ƙayoyi, kamar ita kaɗai ake yi wa ruwa a ɓoye. Kaka takan tsinko ganyenta, ta dafa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli. Kafin rabo sai ta bi mu ɗaya-ɗaya tana matsa damtse. Wanda nasa ya saki, shi ke samun babban kaso.

"Ku cinye, ganyen ga shi ka riƙe naman jiki," in ji ta. "Ni na ci nawa can daji."

Wata rana cikin wasa na ce, "Kaka, yau ni za ni auna ki." Na kama damtsenta, 'yan yatsuna suka zagaye shi har suka haɗu. Ta janye hannu a hankali, ta turo mini ƙwarya.

Allah Ya ciyar da ita daga lambunan Aljanna, inda za ta ci nata ba tare da ta raba ba.