Kiran da Inna Qiaomei Ta Bar wa Kanta

Mahaifiyata, Tong Qiaomei, ta shekara tamanin da bakwai a duniya, yare ɗaya tak take ji: na ƙauyenmu, wanda ruwan dam ya shanye tun ina goye. Awara take sayarwa, amma da kiran kurwa aka san ta. In yaro ya firgita ya kwanta, sai ta ɗauki rigarsa ta tsaya bakin ƙofa da almuru tana kiran sunansa, wani daga cikin ɗaki ya amsa a madadinsa, "Na dawo." In ba a amsa ba, kurwar ta ɓace ke nan.

Ni kuwa malamin makaranta ne. Shekara talatin ina zare wa yara ido in sun yi yaren nan a aji, har da 'ya'yana. Na iya aikina ƙwarai, don ni ma sai da bakina ya manta.

Bara wata ɗalibar jami'a, Lu Wanqing, ta zo da na'urar ɗaukar murya. Yarukan da ke mutuwa suke tarawa a intanet. Na yi musu tafinta da ɗan guntun da ya rage mini.

"Kaka, a yi mana kiran kurwa mana," in ji Wanqing.

"Kurwar wa? Ke 'yar nan, ba a kira a banza. Wani ne zai biyo."

Bayan kwana uku Inna ta ce mini, "A-Gen, nemo mini yarinyar nan mai akwati."

Da Wanqing ta zo ta kunna na'urar, Inna ta fito riƙe da rigarta ta auduga.

"Masu kirana duk sun riga ni. In na tafi kuka kira ni da yaren rediyonku, ta ina zan gane da ni ake?"

Ta tsaya bakin ƙofa ta kira sunanta sau uku, ta yi shiru. Da aka kashe na'urar ta harare ni.

"Shirun nan naka ne, babban malami. Zo in koya maka amsar da yarenmu."

Kunya ta kama ni a gaban baƙuwa. Na yi dariya, na ce sai gobe.

Inna ta rasu da sanyin bana. Ran kwana bakwai, ranar da mamaci ke neman hanyar gida, na rataye rigarta a ƙofa, na kunna kiran da Wanqing ta ɗauka a waya, na koma ɗaki. Muryarta ta cika tsakar gida, sau uku. Sai shirun ya zo. Na buɗe baki, na tarar ba komai.

Na kira Wanqing. Ta bincika duk abin da ta ɗauka: akwai sunan kwaɗo da yaren, akwai na tsani. Amsar ce ba mu ɗauka ba.

Kullum da almuru ina kunnawa. Inna tana bakin ƙofa tana jira, ni ina ciki.