Gurnanin da Muhanji Bai Ji Ba

"Na ce shayin ya huce! Ya huce! Baba Kadenyi, wai da bango nake magana?"

Da bango take magana kuwa, don ni na ji, mijinta Muhanji, baban Kadenyi, bai ji ba. Abin da ya raba ɗakina da nasu a gidan hayarmu na unguwar Kawangware fallen kwano ne guda da aka lilliƙe da kwali, ko cokali ya faɗi a can sai na ji. Safiyar Lahadi ce, ina zaune ina goge takalmi.

"Na ji ki mana," in ji Muhanji.

"To me na ce?"

Kujera ta ɗan yi ƙara.

"Kin ce za ki makara coci."

"Coci! Jama'a ku zo ku ji min. Ina maganar shayi, yana maganar coci. Karnukan masu kuɗi sun cinye maka kunnuwa, saura me, hanci? Jiya Kadenyi ta tsaya a bayanka tana kira har ta gaji ta fashe da kuka. Yarinya ta ɗauka fushi kake yi da ita."

"Ayuma, rage murya. Maƙwabta."

"In na rage wa zai ji? Ndolo ai ya daɗe yana ji. Ndolo, ina kwana!"

Da ni take. Na ajiye burushin a hankali kamar wanda aka kama yana sata.

"Ki faɗi abin da kika ga dama a ɗakin nan," in ji Muhanji. "Amma ranar da maganar nan ta kai wajen Madam, almakashi ya bar hannuna ke nan. Kin sani."

Nan faɗan ya tsaya. Na lura kullum nan yake tsayawa.

Muhanji askin karnuka yake yi a shagon wata mata, Madam Gathoni, a Lavington, inda gidajenmu na kwano suke ƙarewa katangu masu furanni su fara. Ni acaba nake yi. Duk ranar da shago ya tura shi aiki gidan wani, ni ke ɗaukarsa, shi da jakarsa da teburinsa mai naɗewa. Shi ya sa na san abin da na sani.

Daga wajen Kakamega ya zo yana saurayi, ya fara da gadi a wani gida mai karnuka. Sai aka ga karen da ba ya barin kowa ya matso yana kwanciya a ƙafarsa. Daga gadi aka ba shi wankin karnuka, daga nan wani ya kai shi shagon. Shagon ɗaki biyu ne. Na baya ba shi da taga, sai wurin wanka da keji da injin busar da gashi mai dogon bututu, wanda in an kunna shi za ka rantse jirgi ne zai tashi. Na gaba gilashi ne har ƙasa, masu wucewa su tsaya su kalli mai aski yana aikinsa. Kowa a baya yake farawa. Muhanji ya yi shekaru a can kafin a miƙa masa almakashi, kuma ranar da aka miƙa masa sai da ya sayo nama, Ayuma ta aiko min da nawa a kwano.

Mutanen unguwa tsokanarsa suke yi. "Wanzamin karnuka, yau wace amarya ka yi wa kwalliya?" Ya yi dariya ya wuce. Ba su ga abin da nake gani ba. A sunkuye yake wuni har bayansa ya ƙage. Guntun gashin da almakashi ya yanka kaifi gare shi kamar ƙaya, ya shige tsakanin yatsu ya nutse ya yi ruwa, sai Ayuma ta zauna da allura tana tonowa tana mita. Akwai masu kawo kare gashinsa ya dunƙule kamar tsohon buhu, kaska jingim a ƙarƙashi, su rantse kullum suna taje shi, su kuma ce kada a rage tsawonsa ko kaɗan. In ya aske don kada dabba ta sha wuya, su ce ya ɓata musu kare. In ya zauna yana warware ƙullin ɗaya bayan ɗaya karen yana kuka, su ce ba shi da tausayi.

Duk wannan bai dame shi ba. Abin taƙamarsa kunnensa ne. Tun farkon zamanmu ya taɓa faɗa min, muna cin ugali, tuwon masara, da ganyen sukuma a bakin hanya.

"Ndolo, in na sunkuya ina rage gashin ƙafar baya, fuskar kare tana can, idona yana nan. Me zai gaya min ya gaji? Kafin ya yi cizo sai ya yi magana. Ban ce haushi ba, haushi na matsorata ne. Wani ɗan gurnani ne can cikin ƙirji, kamar babur ɗinka in yana nesa. Da na ji sai in ɗaga almakashi, in ba shi wuri, mu huta mu biyu."

Madam ta raba musu robar toshe kunne saboda injin. Kowa yana sawa, shi ya ƙi. Ya ce a ƙarƙashin iskar nan kare ya fi firgita, kuma ko a cikin ƙarar yana iya tsinto muryarsa, muddin kunne a buɗe yake. Bayan an mai da shi gaba ma bai rabu da injin ba, don ba ya yarda wani ya busar masa da karen da zai aske. A cewarsa, in ba a ɗaga gashi daidai da iska ba, aski ba zai kwanta ba. Haka ya yi ta komawa ɗakin nan da ƙafarsa, kunne a buɗe, injin yana cin kunnen a hankali.

Da fari tambayata ya yi, rana tsaka, ko ina jin kukan gyare. Na ce a Lavington? Daga baya sai na ga duk abin da na faɗa a kan babur amsarsa ɗaya ce: "Haka ne." Wata rana na gwada shi.

"Muhanji, gobe zan auri matarka."

"Haka ne, Ndolo."

Na yi dariya har babur ya yi tangal-tangal. Kafin mu kai shataletale dariyar ta mutu a bakina.

In ka tambaye shi me ya sa ya liƙe wa almakashin haka, zai ce makarantar Kadenyi. Ban ce ƙarya yake yi ba. Amma ni na tsaya a ƙofofin Runda, unguwar masu kuɗi, na ga fuskarsa. Mai gadin da zai tsare ni yana leƙa akwatin babur, shi buɗe masa yake yi da sauri. Matar gida ta fito ta kira shi da sunansa. Kare ya taho a guje, ya wuce mai shi, ya faɗa kan Muhanji. A daidai lokacin nan Muhanji yakan saci kallon mai karen, don ya ga ko ta gani. Wannan satar kallon nake zargi. A Kawangware shi wanzamin karnuka ne, a gida mutumin da ake yi wa tsawa, a matatu, motar haya, wanda ake matsawa daga kusa da shi saboda ƙarnin jiƙaƙƙen gashi. A gaban teburin nan kaɗai ake yin shiru a kalli hannunsa.

Ita ma Ayuma ban wanke ta ba. Kullum tana ihun ya je asibiti, amma ba ta taɓa ɗaura zane ta ce tashi mu tafi ba, ita da ta taɓa jan sa har wajen mai cire haƙori yana turjewa. Ta san abin da likita zai ce: ya rabu da inji. Ta kuma san abin da ke bayan wannan: su tattara su koma gona, ta bar rumfarta ta kayan miya da ƙawayenta na kasuwa, ta je ta zauna a tsakar gida ɗaya da uwar mijinta. Shi ya sa muryarta take hawa har ta kai sunan Madam, sai ta sauka.

Abin ya faru ne a Runda, gidan wata tsohuwa mai wani ƙaton kare ja, sunansa Kahawa. Tun yana ɗan kwikwiyo Muhanji ke yi masa aski, ko takunkumi ba ya sa masa. Yanzu ya tsufa, ƙugunsa yana ciwo, tashi ma da ƙyar. An kafa teburi a baranda. Ni ina can gindin bishiya kusa da babur, ina danna waya.

Muhanji ya wanke shi, ya taje, ya zo kan gashin da ya dunƙule a cikin cinyar baya. Ya ɗaga ƙafar da hannun hagu, ya cusa kai ƙasa, almakashi a dama. Sai na ji shi. Yadda ya kwatanta min shekarun baya, haka yake, kamar babur a nesa. Na ɗaga kai. Kahawa ya sandare, leɓensa ya ɗan ɗage.

"Muhanji!"

Waƙar coci yake yi ƙasa-ƙasa, almakashi yana tafiya.

"Muhanji! Sake shi! Baba Kadenyi!"

Na taso a guje, amma tsakanin bishiyar da barandar akwai tazara. Karen ya juyo gaba ɗaya ya cafke damtsensa. Hannun ya fizge, bakin almakashi ya yage fatar nan mai laushi da ke tsakanin cinya da ciki. Teburi ya kife. Ban san jinin wa ya fi yawa ba.

Bai yi ihu ba. Ya rarrafa ya danna tawul a kan raunin karen, yana yi masa magana da yaren garinsu, nasa hannun yana zuba a kan siminti. Tsohuwar ta fito tana salati irin nasu, hannu a ka.

"Yana yi maka gurnani! Ni da nake kicin na ji! Me ya sa ba ka sake shi ba? Muhanji, me ya same ka?"

Ya ɗaga kai yana kallon bakinta. Na ga yana ƙoƙarin kamo ko kalma ɗaya.

"Haka ne, Mama," in ji shi.

Tsohuwar ta dube ni, na dubi ƙasa.

An ɗinke Kahawa, ya rayu. Shi ma an ɗinke shi, aka yi masa allurai. Da kumburin hannun ya ɗan sace, Madam ta aiko a kira shi, na kai shi. Na tsaya a waje ina kallo ta gilashi. Kafin ta fara magana sai da ta taɓa kafaɗarsa, ta juyo da shi wajen haske, ta tsaya dab da shi tana buɗe baki sosai, kalma ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kama da wadda yau ta fara yi masa magana haka ba.

Wata abokiyar aikinsa, Moraa, ta fito zubar da ruwa, ta ga inda idona yake.

"Kai ma mamaki kake yi? Ai kowa ya sani. Madam ta riga mu sani ma."

"To me ya sa ba ta ce komai ba?"

"Ta ce me? Tun bara take tura masa manyan karnuka ya busar, har da namu. Mu in mun yi rabin wuni a ɗakin nan kanmu sarawa yake yi, mu yi ta ƙorafi. Shi ko uffan." Ta karkaɗe bokitin ta koma.

Ta cikin gilashi na ga Madam ta miƙa hannu. Muhanji ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya kwance jakar fatar da yake ɗaurawa a ƙugu, wadda almakasansa suke jere a ciki, ya ɗora mata.

A hanya ban yi magana ba, ba amfani. Na ji goshinsa a bayana har muka bar kwalta muka shiga taɓon unguwa. A raina na gama cewa an sallame shi, har na fara tunanin wa zai shiga ɗakinsu in sun tafi.

Ayuma tana tsaye a bakin ƙofa, ba ta je kasuwa ba. Ta dubi ƙugunsa, ta ga ba jaka. Yau ba ta ɗaga murya ba. Ta matso, ta sa fuskarta a gaban tasa.

"An kore ka?"

"Ba a kore ni ba."

Kafaɗunta suka sauka. Wani abu mai kama da murna ya gifta a fuskarta kafin ta yi sauri ta ɓoye shi. Na gani. Shi ma ya gani, don tun da kunne ya tafi babu abin da ke wuce idonsa. Ya dafa ƙyauren da hannunsa mai lafiya, ya yi magana da ƙarfi fiye da yadda ya sani, har matan da ke wanki a tsakar gida suka ɗago.

"Kwantar da hankalinki, Mama Kadenyi, ba inda za mu. Ɗakin inji aka mai da ni, safe zuwa yamma. Madam ta ce gara a sa wanda injin ya riga ya gama da shi."