Kwakwar Bhikhu Tandel

Bhikhu Tandel mutumin Valsad ne, wani gari na bakin teku, shekara talatin da ɗaya yana goge maiƙo a ɗakin injin jiragen dakon kaya. Gajere ne, ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, ga taurin kai sai ka ce me. Yana ɗan shekara tara babansa ya fita kamun kifi, teku ba ta dawo da ko takalminsa ba. Shi ya sa duk cikar wata a ƙarshen damina, ranar da mutanensu ke ba teku kwakwa, Bhikhu kan jefa tasa ya ce wa babansa, "Bapu, ga taka." Matarsa Jamna ce ke naɗe masa ita a leda biyu tun daga gida, kuma yadda ta ba shi haka yake jefawa.

A tafiyarsa ta ƙarshe, kamfanin da ya yi hayar jirgin ya zo da sabon sharaɗi: duk wanda ya jefa shara a ruwa, a sauke shi a tashar gaba. Bawan Allah abinci ya gagare shi. A kore shi da furfurarsa, ko ya bar ubansa bana ba komai?

Ranar na zuwa, da hantsi, Kyaftin Noronha, wanda Bhikhu ya sani tun Kyaftin ɗin yana ɗan koyo, ya tarar da shi a bayan jirgi da ƙunshi a hammata.

"Kawu, mene ne wannan? So kake a ɗaure ni?"

"Kwakwa ce, ranka ya daɗe. Ta babana ce, ba shara ba."

"Na sani. Doka ta yarda a jefa abinci in an ba gaɓa tazarar mil goma sha biyu, kuma yanzu muka wuce. Ledar ce matsala, Kawu. Jikokinka za su tsufa tana nan a ƙasan ruwa, ko ruɓewa ba ta yi ba."

Kai, wannan magana ta daki Bhikhu! Babu wanda ya taɓa gaya masa. Ya warware ledar, ya ninke ta ya cusa a aljihu, sannan ya saki kwakwar tsirara. Ya daɗe yana kallon ruwan, hawaye na bin gemunsa.

"Bapu, ka yafe mini," in ji shi. "Ashe shekara talatin leda nake ta lulluɓa maka."