Ranar da Manjo Ya Wuce Tasha

Ban taɓa mantawa da wata Talata ba cikin duk shekarun da na yi a cibiyarmu, ranar da na sa ɗiyar ƙawata gaba na kai ta ofishin darakta, ta faɗa masa abin da ba ya son ji. Ku da kuka kama aiki bayan na ajiye tsintsiya, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ce ta kafa cibiyar nan Zuru, don 'ya'yansu su koyi ɗinki da walda da kwamfuta. Darakta ne a sama, a lokacin Manjo Bawa mai ritaya. Ƙarƙashinsa malaman sana'a. Can ƙarshen kowa sai ni, Saratu, mai shara kuma masinja. Ban yi boko ba, da babban yatsa nake dangwala sunana, amma mabuɗan ɗakunan nan duka a ƙuguna suke kwana. Ƙa'idar wurin kuwa, sabon malami sai ya yi wata shida na gwaji. In sun cika, darakta ya sa hannu a tabbatar da shi. In bai sa ba, mutum ya kama hanyar gida.

Malamar kwamfuta a lokacin Rahila ce, 'yar Dirin Daji. Ni da mahaifiyarta zumuntar mata ɗaya muke a coci. Da hannuna na kai takardunta, na ce wa Manjo in ta yi abin kunya a tuhume ni. Saura mako biyu gwajinta ya cika aka yi wannan abu.

A ɗakinta akwai kwamfuta shida, duk sun kwana biyu. A cikinsu akwai abin koyon tuƙin jirgin ƙasa. Kada ku yi dariya, na san ba mu da layin dogo. Yara ake shiryawa su je neman aikin jirgi a garuruwan da ke da shi. Ɗalibi zai zauna gaban allo, da sanda guda ta ba jirgi wuta da wata ta birki, allon yana nuna masa hanya kamar yana zaune a kan jirgin. Ni da na sha jirgi na gaske lokacin da nake bin maigidana Saje daga bariki zuwa bariki, na duba na ce ba laifi, masu tallar dafaffen ƙwai kaɗai suka manta.

A farkon damina wani babban mutum ɗan ƙasarmu da ke Birnin Kebbi ya aiko mana da sabon samfurin abin, kyauta. Ya haɗo da bidiyon tallarsa a waya. Manjo ya kalla, ya ga ruwan sama yana dukan gilashin jirgi, ga inuwar itatuwa, ga fasinjoji suna kai da kawo a tasha. Ya tara mu a tsakar cibiya yana nuna wa kowa.

Ya ce, "Juma'a ta sama mai kyautar zai zo da kansa. Na riga na gaya masa zai ga injuna shida, ɗalibai shida, kowa yana tuƙi cikin ruwa kamar yadda yake a nan. Malama Rahila, za a yi."

Ta ce, "Za a yi, Yallaɓai."

To, ku san mu nan 'ya'yan bariki ne. Mahaifin Rahila kofur ne. Da haka muka tashi: in babba ya yi magana sai a ce an gama, sai an fito waje a fara tunanin ta yaya. Wannan hali ya raya gidaje da yawa a ƙasar Zuru. Kwamfuta ce dai ba ta san da shi ba.

Kwana uku ina lura. Shara nake yi, amma na san muryar kowane inji a ɗakin nan kamar yadda uwa ta san tarin 'ya'yanta. Fankokinsu suka koma kuka irin na injin niƙa da aka ɗura wa jiƙaƙƙiyar masara. In na aza hannu a kan akwatin, zafi kamar murfin tukunya. Jirgin kuma a allo ya yi gaba ya cije, ya yi gaba ya cije, kamar mai ƙaya a ƙafa. Biyu daga cikinsu ma ƙin buɗewa suka yi. Kunun da nake kai wa Rahila da hantsi sai in dawo in same shi ya yi sanyi, ko murfin ba ta ɗaga ba.

Ranar Litinin da ɗalibai suka tashi, na jingine tsintsiya na rufe ƙofa.

Na ce, "Ɗiyata, wanga jirgi lafiya yake?"

Ta ce, "Mama, ya fi ƙarfin injunanmu. Akwai takarda da ta zo da shi, an rubuta irin injin da yake buƙata. Namu ba su kama ƙafarsa ba."

"Kin karanta takardar kafin ki ce za a yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Sai da na faɗa na karanta."

Ashe har ta je shagon Emeka mai kayan kwamfuta. Ya gaya mata abin da ke ɗaukar nauyin hoto ba ya da shi, sai an aiko daga nesa, kuma ko ya zo tsofaffin injunanmu ba za su karɓe shi ba. Wai ya ce mata, "Malama, ba a ɗora wa jaki kayan tirela."

Na ce, "To yanzu me kika shirya?"

Ta ce ta yi tunanin ranar Juma'a ta kunna bidiyon tallar nan a allunan duka shida, ɗalibai su riƙe sanduna suna motsawa kamar su ke tuƙi. Baƙo zai leƙo daga ƙofa, ya tafa, ya wuce wurin cin abinci.

Na ce, "Rahila, na shekara ina goge wa manya kujera. Ban taɓa ganin babban mutum ya ga kujera da sanda ya wuce bai zauna ba. Zai zauna, zai ja birki, jirgi ya ƙi tsayawa. A gaban Manjo, a gaban baƙi. Ranar ba aiki kaɗai za ki rasa ba, sunan da za ki nemi wani aikin da shi ma ya tafi. Ni kuma da wane ido zan dubi uwarki ranar Lahadi?"

Ta fara hawaye. Na bar ta ta yi, sannan na ce ta gaya mini abin da zai yiwu na gaskiya, ba na ƙarya ba. Ta ce in ta cire ƙwaƙwalwar injuna uku ta ƙara wa sauran ukun, ta kashe ruwan sama da inuwa da fasinjoji, to ukun za su tafi sumul. Na ce ta gyara guda ɗaya haka kafin ta tafi gida, ta bar na kusa da shi yadda yake da ruwansa.

A ƙa'ida malami ba ya faɗa wa darakta kai tsaye, sai ya rubuta ta hannun sakatare, amsa kuma takan ɗauki mako guda. Ba mu da mako guda. Amma masinja tana shiga da shayi ƙarfe tara ba sai da izini ba. Talata da safe na ɗora wa Rahila farantin, na ce, "Riƙe da kyau. In hannunki zai yi rawa, ya yi a kan kofi."

Akwai abin da ban gaya muku ba. Manjo daga kurtu ya tashi, kuma a ƙarƙashin maigidana ya fara. Ya ci tuwona a bariki ya fi a ƙirga. Shi ya sa yake kirana Matar Saje. Amma tun da na kama aiki ban taɓa jingina da wannan ba, Yallaɓai nake ce masa kamar kowa. Muka shiga, muka tsaya gaban teburinsa.

Ya ɗago. "Matar Saje, yau kin samu mataimakiya?"

Na ce, "Yallaɓai, magana ta kawo. Ni rakiya na yi."

Rahila ta faɗa, murya can ƙasa. Injuna uku, ba shida ba. Babu ruwa, babu inuwa, babu fasinja. Manjo ya ajiye biro a hankali, abin da ya fi tsawa ban tsoro ga wanda ya san shi.

Ya ce, "Na ba mutum magana. Me ya hana ki faɗa ranar da na tambaye ki?"

Ta ajiye farantin a kan tebur. Sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Bawa, ba tambayarta ka yi ba. Umarni ka ba ta. Kai da kanka, da Saje ya ce maka za a yi, ka taɓa cewa bari in duba takarda?"

Ya dube ni har na ce a raina yau da ni da ita za mu fita tare. Ya ce, "A ofis muke, Saratu."

"Na sani, Yallaɓai. Shi ya sa nake roƙo. Taka ka zo ka tuƙa da hannunka kafin ka yanke hukunci."

Ya tashi, muka bi shi. Rahila ta zaunar da shi a injin mai ruwan sama, ta nuna masa sandunan, ta ce ya tsaya a tasha daidai farin layi. Gaskiya hoton yana da kyau, har tsawa ake ji. Jirgi ya taso yana cijewa. Tasha ta bayyana, Manjo ya ja birki. Shiru. Sai da aka ɗan jima allon ya amsa, a lokacin fasinjoji sun koma bayansa.

Ya ce, "A sake."

Aka sake. Wannan karon ya ja da wuri, jirgi ya cije, ya zabura, ya sake wuce tasha. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ni dai ina riƙe da ƙyallen goge-goge ina murɗa shi.

Rahila ta ce, "Yallaɓai, a gwada wannan."

Ya koma na kusa. Babu ruwa, itatuwan kamar yaro ya zana su, tashar fayau ba kowa. Ya ba shi wuta, ya ja birki, jirgi ya tsaya a kan layin kamar an ɗaure shi. Ya zauna yana kallon allon.

Ya ce, "Wannan yana koya wa yaro birki. Wancan me yake koya masa?"

Ta ce, "Yana koya wa hannunsa ƙarya, Yallaɓai. Zai saba da jirgin da ba ya amsawa a kan lokaci."

Nan ya ciro waya, ya miƙe tsaye ƙiƙam kamar mai kyautar yana gabansa. Muna ji ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi maka alkawarin da ya fi ƙarfin kayan aikina. Uku za ka gani, kuma ba ruwan sama." Ya yi ta saurare yana cewa to, to. Da ya kashe ya ce, "Zai zo." Ya juya ga Rahila. "Takardar tabbatar da ke tana kan teburina. Sai na ga Juma'a."

Kwana ukun nan ba na so in sake ganin irinsu. Rahila tana kwance injuna tana ɗaurawa, ni ina hure ƙura daga fankoki ina addu'a kada janareto ya ba mu kunya. Manjo ya wuce ni sau nawa a baranda, ko Matar Saje babu, sai ɗaga hannu.

Juma'a baƙo ya zo da mutanensa. Ɗalibai uku suka tuƙa, kowa ya tsaya inda aka ce. Bai yi minti biyu a ɗakin ba ya naɗe hannun babbar riga ya ce yaron tsakiya ya tashi. Na dubi Rahila, ta dube ni. Ya tuƙa yana dariya, ya tsaya ɗan gaba da layi, mutanensa suka tafa kamar ya kai su Makka.

Wani cikin 'yan rakiya ya ce, "Ina ruwan saman da muka gani a waya?"

Kafin Rahila ta buɗe baki Manjo ya ce, "Injunanmu ba sa ɗauka. Malamarmu ta duba ta gaya mana, muka zaɓi birki a kan ado."

Baƙon ya karɓi takardar da ta nuna irin injin da ake buƙata, ya ninke ya sa a aljihu, ya ce zai duba mana. Har na yi ritaya ban ga abin da ya dubo ba.

Litinin Manjo ya sa hannu. Ya haɗa mata da takardar gargaɗi, wadda ake ajiyewa a fayil ɗin ma'aikaci, a kan ta amsa aiki ba ta karanta sharuɗɗansa ba. Ta karɓa da hannu biyu. Zancen yaudarar bidiyo kuwa bai taɓa ji daga bakina ba. Yanzu ma don ita da kanta take ba sababbin malamai labarin shi ya sa na faɗa.

Ga abin da na ɗauka daga aikin nan, ni da ban san ko baƙi ɗaya na karatu ba. Inji ba ya jin kunya, iyakar ƙarfinsa a rubuce take zuwa tare da shi. Mutum ne ke ɓoye tasa. Na zauna da mazan da ba su ja da baya ga harsashi ba, amma su ce wa babba ba zai yiwu ba, sai harshe ya yi musu nauyi. Manyan kuma ba duka ne ke ƙin gaskiya ba, lokacin da aka kawo ta suke dubawa. Abin da Rahila ta faɗa ranar Talata, shawara aka kira shi. Da ta bari sai Juma'a, maganar ba za ta canza ko kalma ɗaya ba, amma da takardar sallama za a amsa mata.