Bakin Da Ya Faɗi Shekara Bakwai

Yayana Malam Nu'uman ya yi shekara ashirin da shida yana tafinta a wata kotu a nan Katsina. Alƙali ya yi Turanci, ya mayar da Hausa. Wanda ake tuhuma ya yi Hausa, ya mayar da Turanci, a tsaye, riga sharkaf da gumi. Ran da aka ɗauke shi aiki ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Wannan rantsuwar ce ta raba shi da amininsa.

Aminin shi ne Audu mai hatsi a Babbar Kasuwa. Tare suka tashi a Ƙofar Durbi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Shekara uku ke nan da aka kama Bashir ɗan Audu da buhun ƙwaya. Ana gobe shari'a Audu ya shigo zaurenmu.

"Nu'uman, yaron nan bakinsa ba linzami. In ya yi ɓarin zance ka gyara masa. Alƙalin baƙo ne, ba ya jin Hausa."

"Audu, na dafa Alƙur'ani."

"Ɗanka ne fa."

Washegari Bashir ya buɗe baki ya ce kayan nasa ne, kuma ya daɗe yana sayarwa. Yaya ya juya maganar yadda take. Da aka zo hukunci, alƙali ya karanta da Turanci, kansa a kan takarda. Audu da matarsa Dije ba su fahimci komai ba. Abin da ya shiga kunnensu muryar Yaya ce: "An ɗaure ka shekara bakwai."

Tun daga ranar Audu bai ƙara amsa masa sallama ba. Dije ta bi gidajen biki tana cewa Nu'uman ya ɗaure mata ɗa. Na so in fita mu yi ta ta ƙare, Yaya ya hana ni. Shi ne kuma duk Juma'a yake aika wa Bashir sabulu da ƙuli-ƙuli gidan yari, ya ce kada a faɗi sunansa. Wallahi wannan haƙurin nasa haushi yake ba ni.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, harshe ya karye. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ara wa mutane baki, yau ko ruwa da hannu yake nunawa. Da an yi sallama a zaure sai ya ɗago kai. Na san wa yake jira.

Ran Asabar na ga Audu da idona a kasuwa. Alƙalin nan da ya ɗaure Bashir ne ya tsaya sayen wake. Audu ya durƙusa har ƙasa yana "ranka ya daɗe", direban alƙalin yana fassarawa, har da gyaran mudu guda.

Da la'asar Audu ya biyo ta ƙofar gidanmu. Yaya na zaune a tabarma, ya ɗaga masa hannun da ke motsi. Audu ya gyara hularsa ya wuce.