Katuna Ɗari Shida da Sista Ta Bari

Mallakar Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan nan, ina tagar ɗakin magani aka zo mini da gudu cewa Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinyar asibitinmu, ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin kati. Kafin in zagayo baranda rai ya yi halinsa. Na same ki, Yaya, tabarau a goshi, kati buɗe a cinya.

Shekara ashirin da biyu muna aiki ƙarƙashin rufi ɗaya. Na ga kin yi wa tsohon da ba shi da mai jinya wanka da hannunki, kina tsokanarsa da angonki har ya manta da kunya. Na ga kin tsaya a bakin ƙofar tiyata riƙe da hannun matar da ba ki san sunanta ba. Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba.

Da aka ce za a mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, yadda likitan kowane asibiti a kewayenmu zai iya dubawa, sai muka turje. Likitoci suka ce ba su da lokaci. Ungozomomi suka ji tsoron tonuwar asirin mata. Ni kuwa na fi kowa ɗaga murya, har na tsara baitocin zambo na manna a ƙofar ɗakin shan shayi. Ke da ya rage miki shekara biyu ki yi ritaya, ke kika fara zama gaban allon, kina laluben haruffa da yatsa ɗaya.

Ke ce kuma kika gano ramin da ke gabanmu. Tun kafin a ɗauki yawancinmu aiki kike ɗiga jan biro a kusurwar katin duk wanda jikinsa ba ya karɓar allurar fenisilin. Kowa a nan ya san ɗigon, ba a taɓa rubuta ma'anarsa ba. Na'urar da ta ɗauki hoton katunan kuwa baƙi da fari take fitarwa, sai ɗigon ya koma kamar kashin ƙuda. A watan jiya wata mai ɗinki daga cikin marasa lafiyarmu ta je wani asibiti a ƙetaren gari. Likita ya duba allo bai ga gargaɗi ba, ya yi mata allurar, maƙogwaronta ya kumbura. Da ƙyar aka ƙwato ta.

Ranar kika zo tagata, fuskarki ba annuri.

“Malam mai waƙa, rufe tagar nan ka zo mu bi katunan ɗaya bayan ɗaya.”

Na ce, “Haba Yaya, ba ki ga layi ba?”

“Na gani, ƙanena. Su suna numfashi.”

Ban zo ba. Na rubuta shi a nan don kada yabon da nake yi miki ya zama mayafin laifina.

Kika roƙi hukumar asibiti ta jinkirta kwashe takardun zuwa ma'ajiya har ƙarshen wata. Kullum bayan kin tashi aiki kina ɗakin nan mai ƙura da fanka mai kuka, kina ɗaga kati zuwa hasken taga, kina shigar da gargaɗin da hannu. Katuna dubu huɗu ne. Kin bar ɗari shida a kantoci biyu na ƙasa. Masu su suna yawo a kasuwa da makarantu, kwamfuta tana shaidar cewa kowace allura ta halatta a jikinsu, kuma saura kwana goma sha biyu motar ma'ajiya ta zo.

Ya ke mai jan biro, yau kin kwanta,
Kin bar mana ragowar aiki bisa kanta,
Idan sakacinmu ya sa wata uwa ta salwanta,
Da wane baki za mu ɗora wa kwamfuta?

Jiya na zauna a gurbinki. Kati goma sha tara kawai na iya yi, na sami ɗigo biyu. Ɗaya na wata jaririya ne 'yar wata takwas.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yalwata makwancinki, Ya sa kowane numfashin da kika tsare ya zame miki haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki huɗu, da mahaifiyarki da ta ga abin da ba uwar da ke fatan gani. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Abokan aiki kuwa, wanda ke son yi mini gaisuwa ya same ni a ɗakin kati bayan la'asar. Akwai kujeru uku babu kowa a kansu.